Shekarar da Na Ɗaura Zanin Mamanku

Akwai labarin da kuke ba jikokina a bayan idona, kuna tsammani kunnena ya mutu. Wai dalilin da ya sa tsofaffin ma'aikatan reluwe suke kirana Maman Talatu shi ne, wata Kirsimeti na sha burkutu ya fi ƙarfina, na ɗaura zanin mamanku na faɗa rawa a tsakiyar mata. Ishaku ne ya ƙirƙiro wannan, na sani, domin shi ya gaji bakina. To, ku saurara. Burkutu na sha a zamanina, ba na musu, rawa ma na yi ta har fasto ya aiko a kira ni. Amma ranar da na fara ɗaura zanin nan idona garau yake, ko kunu ban sha ba. Karatuna bai wuce aji biyu ba, a na ukun malam ya ce in je in taimaki babana a gona, wai a can aka fi bukatar irin kaina. Saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, ya bar ni in faɗi abina.

Shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama ne. Muna haya a ɗaki ɗaya a Kafanchan, bayan loko, inda ake wanke injinan jirgi a zuba musu gawayi da ruwa. Ni lebura ne a wurin, aikina kwashe toka daga ƙarƙashin inji. Idan na tashi aiki, haƙorana da farin idona kaɗai ake gani. Yayarku Talatu ita kaɗai muke da ita a lokacin, ta fara tafiya, ta fara haɗa kalma ɗaya-ɗaya, kuma duk kalmomin nata na mamanku ne. Mama, nono, ruwa, goyo. Ni kuwa in na shigo gida na buɗe hannu, sai ta dube ni kamar an turo mai karɓar haraji, ta zagaya bayan uwarta ta riƙe zani. Na yi wanka da sabulu har fatata ta yi zafi, na sayo mata ƙosai, na yi mata kukan akuya da na zakara. Ta karɓi ƙosan ta kai wa uwarta.

Ba na ɓoye muku, kishi nake yi. Da farko na ɗauka kishin yarinyar nake, tunda ta ƙwace mini mata: tabarmar da muke kwana a kai ta shiga tsakiya, hirar da mamanku Saratu take yi da ni ta koma yi da ita. Daga baya na gane ashe kishin Saratun nake. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, za ku yi dariya, shi ne maganar kashi.

Ku 'yan yanzu da kuke naɗe yaro cikin roba har ya iya gardama, ba ku san yadda iyayenmu mata suke yi ba. Tun Talatu ba ta iya zama da kanta ba mamanku ta fara ɗora ta a ƙafa. Za ta zuba toka a ƙasa a bayan ɗaki, ta zauna a 'yar kujera, ta miƙe ƙafafu ta haɗa duga-dugai, ta bar 'yar ƙofa a tsakani. Sai ta zaunar da yarinya a kan ƙafafun tana fuskantarta, ta riƙe mata hannuwa, ta yi wani ɗan sauti da haƙora, sss, a hankali. Shi ke nan. Yarinya ta yi abinta, a wanke ta, a kwashe toka a kai salga. Abin mamakin shi ne yadda take sanin lokaci. Muna cikin cin tuwo, ko tana tsakiyar daka, sai kawai ta ajiye taɓarya ta sungumi yarinya ta yi bayan ɗaki. Ni ina zaune a wurin, da idona biyu, ban ga komai ba.

"Wai me ta ce miki?"

"Ba ta ce komai ba."

"To, ta yaya kika sani?"

"Baban Talatu, ci tuwonka. Kai ma ai kana sanin injin da zai yi tari tun bai yi ba."

Ƙarya take, ba na sani. Amma na gyaɗa kai don kada in zubar da mutuncin reluwe. Matan gidan hayarmu kuwa kullum yabonta suke, wai Saratu ba ta wankin tsumma, wai bayanta bai taɓa jiƙewa a coci ba. Ni uban yarinya ko sannu ba mai ce mini, kamar a kasuwa aka sayo ta.

Sai ga ciki na biyu, Talatu ba ta isa yaye ba. Kwanika ke nan, kuma a wannan karon kowa ya tuna da ni. In na wuce matan zumunta suna gwajin waƙa a bakin coci, sai murya ta sauka, ido ya biyo ni. Aka cire Talatu daga nono da wuri, ta yi kuka, ta ƙara manne wa uwarta. Da cikin ya tsufa, ƙafafun Saratu suka kumbura har ba sa shiga takalmi, kanta yana juyawa. A asibitin mishan suka ce ba za ta koma gida ba sai ta haihu, kuma ba a kwana da yaro a ɗakin masu ciki.

Washegari surukata, kakarku Mama Kande, ta iso daga Madakiya da ƙwarya a kai da zanin goyo a kafaɗa. Ban tambaye ta abin da ya kawo ta ba, zanin goyon ya faɗa mini. A wurinmu haka ake yi: yaron da aka yi wa ƙane, kaka ce take ɗauke shi. Ana cewa na ɗan lokaci ne, amma na ga yadda lokacin yake tsawo. Ɗan wan Saratu an kai shi Madakiya yaye, bai dawo ba sai da ya isa shiga makaranta, kuma da ya ga ubansa sai ya durƙusa ya gaishe shi kamar baƙo, ya koma ya tambayi kakarsa ko mutumin nan zai kwana. Na ce a raina, wancan ma da ya san ubansa kafin ya tafi ke nan. Ni da ko sunana ba a fara kira ba fa?

Da yarenmu muka yi maganar, ina durƙushe, hulata a hannu.

"Mama, a bar mini ita."

"A bar maka ita ka yi me da ita? Ka zuba mata gawayi?"

"Zan iya, Mama. Da rana Maman Joji za ta riƙe ta, matar ticha, ga ɗakinsu nan. Safe da yamma ni ne."

"Ayuba, aikin da ka iya ai mun gani, ga shi can a asibiti."

Na sunkuyar da kai. Abin da ya cece ni acca ce. Accarta ta nuna a gona, tsuntsaye suna ci, ba ta da hannun riƙon yaro a makon nan. Ta tsaya tana duban Talatu da ke wasa da murfin tukunya.

"Zan je in yanke accata in dawo. 'Yata ta sha wahala ta koya wa yarinyar nan tsabta tun tana jaririya. In na dawo na tarar ka lalata, tana yi a tsaye kamar ɗan akuya, ba zan yi magana da kai ba, goya ta zan yi."

Ta tafi, na miƙe ina jin kaina kamar wanda aka ba sarauta. Da yamma na zuba toka a bayan ɗaki, na zauna a kujerar Saratu, na miƙe ƙafa da takalmin aikina, na ɗora Talatu. Na cika baki da iska na yi sss. Ku tuna ni mutumin loko ne, sautin da na sani shi ne na inji in yana sakin tururi. Yarinyar ta zabura ta ƙwalla ƙara, kajin gidan suka watse, Maman Joji ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko maciji ne.

Daga ranar Talatu ta ɗaure cikinta. Fitsari dai tana yi inda ta ga dama, a tabarma, a bakin ƙofa, sau ɗaya a cikin hular aikina. Amma babban ta hana. Ta ci tuwo, ta sha kunu, ba abin da ya fito. Maman Joji ta gwada ɗora ta a nata ƙafafun, ta ƙi. Ta kawo fo ɗin da ɗanta yake kashi a ciki, fari mai baki shuɗi, wanda ticha ya sayo a Jos.

"Baban Talatu, gwada wannan. Zamani ya wuce na ƙafa. Joji tun yana wata tara yake hawa, kamar ɗan Bature."

Talatu ta karɓi fo, ta juya shi, ta kifa a kai, ta yi ta yawo da shi a tsakar gida tana gaishe da mutane. Kowa ya yi dariya ban da ni. Kwanaki suna tafiya, cikinta ya yi tauri kamar ƙwarya, ta daina cin abinci sosai, ta daina wasa. Sai ta tafi bakin ƙofa ta tsaya tana kallon hanyar da uwarta ta bi. Ni kuma ina lissafin cewa gonar accar Mama Kande ba ta da wani girma.

Na wanke jiki na tafi asibiti. Na tarar da mamanku a kwance, an ɗora mata ƙafafu a kan filo, tana ɓare gyaɗa kamar matar gwamna. Na yi niyyar in ce komai lafiya, amma ta dube ni sau ɗaya.

"Ba ta yi ba ko?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Fuskarka. Kai ma kamar ba ka yi ba."

Matan da ke gadajen kusa suka fashe da dariya, har da wata mai naƙuda. Na matsa kusa na rage murya, na ce ta faɗa mini asirin, ko wani abu take shafawa a ƙafa, ko akwai kalmar da mamanta ta ba ta.

"Babu asiri, Baban Talatu. Ka cire wannan takalmin naka. Ka duba kunnenta, in ta fara jan na hagu, lokaci ya yi. Kada ka zura mata ido, ba ta so, ka dubi gefe kamar kana tunanin wani abu. Kuma ka daina yi mata ihu."

"Ba ihu na yi ba, sss na yi."

"Har nan aka ba ni labarin sss ɗinka."

Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya, ta juya fuska bango. Ta ce in na ga abin ya fi ƙarfina in bar Mama ta tafi da ita, kada yarinya ta yi ciwo saboda taurin kaina. Na fito ina jin haushi iri biyu. Ga tausayin 'yata, ga kuma wannan mata da take kwance a gado, ƙafa a sama, amma ta fi ni sanin abin da ke faruwa a ɗakina.

Na bi duk abin da ta ce. Na cire takalmi, na ga jan kunnen da idona, har na ji kunya da ban taɓa lura ba. Na ɗora ta, na dubi gefe ina kallon bishiyar gwanda kamar mai shirin sayenta. Talatu ta zauna jim kaɗan, ta taɓa gashin ƙafata, ta dubi hannunta, ta zame ta sauka.

Ranar Asabar da safe ina dama mata kunu, sai na ji shiru. Na leƙa ɗaki. Akwai wani tsohon zanin mamanku mai ruwan ganye, wanda take ɗaurawa in za ta yi aikin gida, yana rataye a ƙusa tun ranar da ta tafi, ban wanke ba. Talatu ta ja shi ya faɗo, ta dunƙule shi ta cusa fuska a ciki, tana tsaye, hannu ɗaya yana jan kunne. Na daɗe ina kallonta. Sannan na leƙa tsakar gida, na ga mata sun tafi rafi, ticha ya tafi kasuwa. Na tuɓe wando, na karɓi zanin na ɗaura a ƙugu, ya sauka har idon sawu. Na zauna, na haɗa duga-dugai, na ɗora ta a kan zanin. Ta kama shi da hannu biyu, ta sunkuya ta shinshina. Na dubi gwanda. Na saki iska a hankali, kamar mai hura wa jariri kunu.

'Ya'yana, na ga ranar da aka ƙara mana albashi, na ga ranar da aka ba ni takardar sallama da agogo. Ba wadda ta kai wannan safiyar. Da na ji abin ya sauka a kan toka, hawaye ne suka zubo mini. Ta ɗago ta dube ni, ta yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi, ta ce, "Baba, kashi." Kalmar farko da ta taɓa haɗawa da sunana ke nan, kuma ban yi fushi ba.

A haka Bitrus ya same mu. Abokin aikina ne a loko, mutumin Fadan Kaje, bakinsa ya fi na jirgi ƙara. Ya zagayo bayan ɗaki ba sallama, ya tsaya, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Sannu da aiki, Maman Talatu. Maigidan yana ciki?"

Kafin Litinin duk loko ta ji, har direbobin da suke zuwa daga Inugu. Amma ba tsiya ce ta kawo shi ba, saƙo ne daga foman. Ana neman wanda zai hau inji ya koyi zuba gawayi, an sa sunana. Shekaru nake roƙon wannan. Daga mai zuba gawayi ake zama direba, direba kuwa a Kafanchan ta lokacin, in ya shigo coci har dattawa suna matsa masa. Sai dai wanda ya hau inji ba ya kwana a gida: yau Makurɗi, gobe Bauchi, a dawo a sake tafiya. Kuma a makon nan ake so.

Na je gaban foman na ce a ba wani. Ya tambaye ni dalili, na ce matata tana asibiti. Ya ce ba ni da surukai ne? Na ce ina da su, matsalar ke nan. Bitrus aka ba. Ya zama direba, ya gina gidan kwano mai ɗaki shida, ya sayi babur. Duk ranar da ya wuce da jirgi ta gaban loko sai ya ja mini ƙaho, ni kuma ina ƙasa da shebur, ina ɗaga masa hannu ina zaginsa a ciki. Har ya mutu ban daina jin wani abu ba in na wuce gidan nan nasa, Allah ya ji ƙansa. Ni da toka muka ƙare aiki.

Aka haifi Ishaku, ƙato, mai ƙaton baki. Mama Kande ta gama da accarta ta wuce asibiti kai tsaye, suka dawo gida ita da Saratu da jariri da rana tsaka, zanin goyon nan yana kafaɗarta. Ta duba wuyan Talatu, ta duba cinyoyinta, ta shinshina tabarma. Ba ta sami abin faɗa ba, amma ba ta ajiye zanin ba.

"Ka yi ƙoƙari. Amma mai jego ba ta iya yara biyu. Gobe da safe za mu tafi."

Saratu tana zaune a bakin ƙofa da jariri a nono. Tun da suka shigo take kiran Talatu, "Zo mana, Talatuna, zo ki ga ƙanenki." Talatu ta tsaya daga nesa. Ta dubi uwarta, ta dubi abin da ke manne a inda yake nata, ta tura baki. Na san wannan kallon. Shi nake yi musu shekara guda da rabi.

Can sai hannunta ya tafi kunne. Mu uku muka gani a tare. Saratu ta yi maza ta miƙa wa mamanta jariri, ta ja kujera ta miƙe ƙafa.

"Zo, uwata. Zo, sss."

Talatu ta juya mata baya. Ta shiga ɗaki, ta fito tana jan zanin mai ruwan ganye a ƙasa, ta wuce uwarta, ta wuce kakarta, ta ajiye shi a kan ƙafata.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu ko abinci mutum ba ya ci a gaban surukarsa. Ni da ko tari ba na yi in tana wuri, ga shi ana so in ɗaura zanin 'yarta a gabanta, da rana, matan gida duk sun fito ganin jariri. In na ƙi, yarinya ta sake ɗaure ciki ko ta yi a tsaye, gobe tana Madakiya. Na dubi sama na ce Ubangiji, kai ka ga dai. Na naɗe ƙafar wando, na ɗaura zani a kai, na zuba toka, na zauna.

Na dubi gwanda, na yi sss ɗina. Talatu ta riƙe zani, ta yi abinta a natse, tana harar jariri ta gefen ido. Na wanke ta, na kwashe toka na kai salga, na dawo da zanin a ƙuguna domin na manta da shi. Mama Kande ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi sai ta ce da 'yarta:

"Saratu, in na ɗauki yarinyar nan, sai na haɗa da wannan matar, ni kuma ba ni da tuwon ciyar da ita. A bar su."

Ta sauke zanin goyon daga kafaɗa, ta shimfiɗa wa Ishaku.

Matan gida suka yi ta guɗa, Maman Joji har da rawa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Mamanku tana zaune inda take, ƙafafunta a miƙe har yanzu, duga-dugai a haɗe, ba kowa a kai. Tana kallon Talatu da ta hau cinyata tana wasa da maɓallin rigata.

"Ba ni zanina," ta ce.

Na kwance na ba ta. Mai jego ce, ba a barinta ta taɓa wanki, amma da yammar nan ta zauna ta wanke shi da sabulu, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Da ya bushe ta ninke ta sa a ƙasan akwati ta kulle. Na tambaye ta lafiya, ta ce warin gawayi yake yi. Na san ciwon da ke damunta, na riga ta kamuwa da shi, kuma Allah ya gafarta mini, ranar na ci tuwo har da ƙari.